Katin da Aka Rataye a Ƙusa

Ginin hawa goma sha ɗaya ne, kuma in ka ji mai shi yana yabonsa sai ka rantse ɗansa ne ya zo na ɗaya a aji. Wai gini mai hankali. Fitilunsa kan mutu da kansu in ɗaki ba kowa, na'urar sanyi kan sassauta in rana ta yi sanyi, tankin sama kan sanar da injin ƙasa cewa ya ƙoshi. Ko famfo ne ya fara ɗiga a bayin wani, kafin mai ɗakin ya ga danshi a bango saƙo ya riga ya shiga wayar mai gini, ko da yana wata uwa duniya. Duk wannan gaskiya ne, ba ƙari. Abin da mai ginin ke mantawa bai faɗa ba shi ne, hankalin nan yana da kujera a wani ɗan ɗaki marar taga a hawa na ɗaya, kuma mace ce ke zama a kanta tun bakwai na safe.

Injiniya ake ce mata. Alluna shida ne a gabanta, da kofin shayi da kullum yakan huce kafin ta tuna da shi. Daga nan take ganin ruwa, da wuta, da lifta biyu, da kowace ƙofa da aka buɗe da kati. Tana son aikinta, tana kuma ji da kanta a kansa, wannan ba ta ɓoye shi.

Mahaifinta shi ne Mai Famfo. Shekararsa ashirin da biyu a ginin, tun ana zuba kankaren hawa na uku, kuma babu bututun da bai san inda ya lanƙwasa ba. In yana neman yoyo sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin bututu, ya manna kunnensa na dama a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron labarai a rediyo. Da kunnen nan ya ciyar da su, da shi ya kai ta makaranta. Ranar da ta fara aiki a ginin ya zaga hawa-hawa yana faɗa wa masu haya cewa 'yarsa ce, sannan ya sauko ya ƙulla gaba da allunanta.

"Injin naki me ya ce?"

"Ya ce yoyon yana hawa na shida, Baba, cikin bango."

"Ƙarya yake. Hawa na shida da hannuna na haɗa shi."

Aka fasa bangon, sai ga ruwa yana tsartuwa. Kwana biyu tsohon bai ce mata uffan ba. A rana ta uku ya shigo ya ajiye mata lemo biyu kusa da kofin shayi, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Ki gaishe min da injin."

Kati ne kaɗai ba su taɓa shiryawa a kansa ba. Da aka cire makullai, kowane ma'aikaci an ba shi kati mai buɗe masa iyakar inda aikinsa ya tsaya. Na Mai Famfo kuwa yana buɗe ko'ina, har ɗakunan masu haya, don ruwa in ya ɓalle ba ya jiran mai ɗaki ya dawo daga aiki. Sau biyu katin yana faɗa masa cikin tanki. Sau ɗaya igiyarsa ta maƙale a bel ɗin inji, saura kaɗan ta shaƙe shi. Daga ranar ya kafa ƙusa a bayan ƙofar ɗakin injina da ke ƙarƙashin ƙasa, ya rataye shi, ya ce shi ba akuya ba ne da za a sa masa igiya a wuya. Ƙofar ma ya samo bulo ya tokare ta, wai ba za a kulle shi a ɗakin da ya girme wa masu kulle shi ba.

Ma'aikata ba su daɗe ba suka gane amfanin ƙusar. Mai shara in tana son ɗakin kaya, mai fenti in zai hau rufi, mai kawo tukwanen gas in zai kira liftar kaya, duk magana ɗaya ce: "Ɗauki na ƙusa, ka mayar." Kowa yana mayarwa, kuma tsohon yana jin daɗin a ce shi ne mai sauƙaƙa wa mutane. Injiniya tana gani. A allonta mahaifinta yakan bayyana a hawa na uku, bayan minti ɗaya ya bayyana a na goma, mutumin da gwiwa ke damunsa. Na'urar ta yi ta yi mata ƙorafi da jan rubutu. Ta san in mai gini ya gani, tsohon ya gama aiki a nan. Ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, ya ce ta je ta koya wa wanda ta haifa. A ƙarshe ta zauna wata safiya ta koya wa ginin ya kau da kai daga katin nan ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ta ƙirƙiro da kanta, wanda mai gini ya fi nuna wa baƙi. A kowane ɗaki akwai jan maɓalli na neman agaji. Da can in an danna, ita yake fara sanarwa, ita kuma ta kira masu gadi. Ta ce wannan ɓata lokaci ne. Ta gyara shi yadda dannawa ɗaya za ta aika saƙo kai tsaye zuwa wayoyin masu gadi, da dangin mai ɗakin, da zauren masu haya, ɗauke da lambar ɗaki da hoton wanda katinsa ya buɗe ƙofar a ƙarshe. Minti biyu aka rage, kuma ta yi alfahari da minti biyun nan.

Ranar Talata ce, sha ɗaya da kwata na safe, wayarta ta yi ƙara tare da wayoyi arba'in da wani abu a cikin ginin. Hawa na tara, ɗaki na huɗu, ana neman agaji. A ƙasan rubutun ga fuskar mahaifinta, da hularsa a karkace, hoton da ita ta ɗauke shi yana mita.

Ɗaki na huɗu na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Inna, mai zama ita kaɗai. Babban ɗanta, Dogo, shi ke da shagon kayan mota a ƙasan ginin, mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin hannu, wanda bai haɗa uwarsa da kowa ba. Barandar hawa na tara babu kyamara, don masu haya sun ce ba za a riƙa leƙa iyalinsu ba. Injiniya ta juya ga allon ƙarƙashin ƙasa. Ga Baba can a ɗakin injina, ya durƙusa yana shafa wa wani sabon bututu jan fenti, injina uku suna ruri a kansa. Ta matso da hoton bayan ƙofa. Ƙusar tana nan, ba komai a jikinta.

Ta fizgi oba-oba ta kira shugaban masu gadi, tsohon soja ne da ake ce wa Kofur.

"Kofur, ba Baba ba ne! Yana ƙasa, ina kallonsa. Wani ne ya ɗauki katin."

"Bari mu ga abin da ke sama tukuna," in ji shi yana haki.

Ta kira motar asibiti, ta kira 'yan sanda, suka ce suna hanya. Ta kai hannu za ta kashe katin, sai ta fasa, don in ta kashe shi ba za ta san inda ɓarawon yake ba. Ta kira wayar Baba, tana ganin rigarsa a rataye a jikin bango, wayar tana haske a aljihu.

Kofur bai kashe oba-obarsa ba, saboda haka ta ji abin da suka tarar. Ta ji wata mata ta saki salati. Ta ji ana cewa an fasa wa Inna baki, an yage mata kunne wajen cire ɗan kunne, ba ta iya magana. Sannan ta ji muryar Dogo, ba kuka ba ce, ba kuma magana ba, wani irin gurnani ne daga ciki. Wani ya ce, "Ga hotonsa nan a waya, me kuma ake jira?" Sai ƙarar ƙafafu a matakala, suna saukowa.

"Kofur! Kofur, ka tare su!"

A allon matakala ta ga sun wuce hawa na bakwai, su wajen goma sha biyu, Dogo a gaba, rigarsa jage-jage da jinin uwarsa. Akwai masu gadi biyu da kulki, akwai direbobi, akwai mai gyaran waya na hawa na biyu, mutumin da Baba ya gyara wa bayi ranar Asabar. Kofur yana bayansu, bai tare kowa ba.

Ta danna kulle ƙofar ɗakin injina. Allon ya ce ƙofar ta ƙi rufuwa. Bulon ne. Ta kashe injinan ruwa duka uku a lokaci ɗaya, ƙarƙashin ƙasa ya yi tsit. Tsohon ya ɗago kai, ya yi tsaki, ta san injinta yake zagi. Ta buɗe lasifikar garejin motoci, don ɗakin injina ba shi da tasa.

"Baba! Ture bulon, ka rufe ƙofa! Baba, ka rufe ƙofa!"

Ya ji muryarta, bai ji me ta ce ba. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya tsallake bulon, ya fito tsakiyar gareji don ya ji da kyau. Ya ɗaga kai yana neman lasifikar, hannayensa biyu jajaye da fenti har wuyan hannu. A haka ƙofar matakala ta buɗe suka same shi.

Ba wanda ya tambaye shi komai. Dogo ya daka tsalle ya naushe shi a baki, tsohon ya yi baya ya bugu da wata mota, hularsa ta yi gefe. Kafin ya kai ƙasa kulki ya sauka a kafaɗarsa. Suka rufe shi. Daga sama Injiniya ba ta ganin komai sai bayan mutane suna sunkuyawa suna ɗagowa, da ƙafafu suna shiga suna fita, da hannu ɗaya ja da ya ɗago yana neman abin kamawa, wani ya take shi da takalmi.

"Ku duba hannunsa! Ku duba jinin!" in ji wani.

"Fenti ne!" Ta kwarara ihu a lasifika har muryarta ta tsage. "Wallahi fenti ne! Tun safe yana ƙasa, ina da hoton, ku tsaya ku gani!"

Dogo ya ɗago ya dubi kyamara, idanunsa kamar garwashi. "'Yarsa ce! Me kuke so ta ce?" Ya juya ya zuba wa tsohon ƙafa a haƙarƙari.

Ta tura hoton ɗakin injina zuwa duk wayoyin. Ta ga hasken saƙon a aljihunansu, ba wanda ya duba. Mai duka ba ya karanta waya, wannan ba ta sa shi a lissafi ba ranar da take rage minti biyu. Ta saki ruwan kashe gobara na gareji, ya zubo musu daga rufi kamar da bakin ƙwarya. Suka ɗan ja baya suna goge ido, ta hango shi a kwance a dunƙule, jini da fenti da ruwa suna gangarawa tare zuwa magudana. Sannan suka koma kansa, yanzu da zafin an jiƙa su.

Ta ture kujera ta yi ƙofa da gudu. Ta kama mariƙin ke nan allon ƙofofi ya yi ƙara a bayanta. Katin Mai Famfo, hawa na bakwai, an kira liftar kaya.

Ta dawo. A allon lifta ƙofa ta buɗe, wani mutum ya turo kurar tukwanen gas ya shigo. Ta san shi, kowa ya san shi. Shekara huɗu yana kawo gas Talata da Juma'a, yana gaishe da Baba da hannu biyu, yana ce mata ranki ya daɗe. Ya laɓe ne a wani lungu har hayaniya ta sauka, yanzu zai fita da kurarsa kamar kullum. Ya juya rigarsa bai-bai, amma jinin ya fito ta ɗaya gefen. Katin yana hannunsa, igiyar a naɗe a yatsunsa. Ya danna hawan ƙasa, inda ƙofar fita take.

Ta tsayar da liftar tsakanin hawa na biyar da na huɗu. Mutumin ya yi tangal-tangal, tukwanen suka kaɗu. Ya danna maɓalli, ya sake dannawa, sannan a hankali ya ɗaga kai ya dubi kyamara.

"Na kama shi!" ta ce a lasifikar gareji. "Mai gas ne, yana cikin lifta, katin yana hannunsa! Kofur, don girman Allah ka duba wayarka!"

Kofur ya shafa aljihu, ya ciro wayar tana ɗigar ruwa, ya girgiza ta, ya mayar. Wani ya shiga ɗakin injina ya fito da babbar sifanar Baba, mai tsawon hannun mutum, wadda yake kwance manyan bututu da ita. Ya miƙa wa Dogo. Ta sake kiran 'yan sanda, suka ce cunkoso ya riƙe su, minti goma. Tana riƙe da wayar a kunne Dogo ya ɗaga sifanar ya sauke. Tsohon ya kau da kai, ƙarfen ya same shi a gefen dama, a kan kunne. Ƙafafunsa suka miƙe, suka yi rawa.

Wurare biyu ne za ta iya kai liftar. Akwai hawan ƙasa, inda za ta riƙe mai gas a kulle har 'yan sanda su iso. Akwai ƙarƙashin ƙasa, inda ƙofar liftar kaya ke buɗewa taku shida daga inda mahaifinta ke kwance. Ba za a ce ba ta san abin da zai faru ba. Ta sani sarai. Mutanen nan ba hujja suke nema ba, jiki suke nema, kuma ba za su saki wanda ke hannunsu ba sai an ba su wani. Ta danna ƙarƙashin ƙasa.

Liftar kaya ba ta da sauri. Huɗu. Uku. Dogo ya gyara tsayuwa, ya sake riƙe sifanar da hannu biyu. A cikin lifta mai gas ya ga lambar hawan ƙasa ta zo ta wuce ba a tsaya ba, ya fara dukan bango da tafin hannu. Ta ƙure ƙarar ƙararrawar lifta, ta sa bakinta a lasifika, wannan karon ba da ihu ba.

"Dogo. Juya ka ga wanda ya daki uwarka."

Ƙofar ta buɗe. Fitilar cikin lifta ta haske shi tas, da jinin rigarsa, da katin da ya manta bai yar ba. Ya ja da baya ya ture kurar, wata tukunya ta faɗi, wani ƙullin tsumma ya zamo daga bayanta ya warware, sarƙa da 'yan kunne suka zube a ƙasa. Dogo ya dubi 'yan kunnen, ya dubi tsohon da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya dubi sifanar da ke hannunsa. Kunyar abin da ya yi ta taso masa, kuma mutum irinsa bai san inda ake kai kunya ba sai a jikin wani.

Mai gas ya faɗa kan maɓallin rufe ƙofa. Ƙofar ta fara haɗuwa.

A nan ne labarin ya rabu biyu, wanda aka faɗa da wanda aka yi. Sun riga sun saki Baba, babu mai kallonsa ma. Sun ga katin, sun ga zinariyar. Da ta bar ƙofar ta rufe, ta mayar da liftar tsakanin hawa biyu, da 'yan sanda sun zo sun same shi da ransa. Tunanin ya zo mata, ba wai bai zo ba. Amma tana ganin kunnen mahaifinta a allo na uku, abin da ya rage na kunnen, tana tuna hannu biyun da mutumin nan ke gaishe shi da su, sai wata irin ƙiyayya ta cika mata ƙirji har tana jin ɗacinta a harshe. Ta ɗora yatsa a kan riƙe ƙofa, ta danne.

Ƙofar ta koma ta buɗe. Ya danna, ta buɗe. Ya sake dannawa da hannu biyu yana kallon kyamara, bakinsa yana motsi, ranki ya daɗe yake cewa, ta gane daga leɓɓansa. Ba ta ɗaga yatsan ba.

Suka shiga su huɗu, don iyakar abin da liftar za ta ɗauka ke nan, sauran suna turo su daga baya. Kulki ya fara, sifana ta biyo. Ya kare kansa da hannu, hannun ya karye ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Wani ya ɗaga tukunyar gas sama ya sake ta a kan gwiwoyinsa. Mai gyaran waya, wanda ko kaza ba a taɓa ganin ya yanka ba, yana tattaka shi yana kuka. Jini ya fantsamo a gilashin kyamara, rabin allon ya koma ja, ta ci gaba da kallo ta ɗaya rabin.

A allo na uku wani abu ya motsa. Baba ne. Ya kifa da ciki, yana jan jiki a cikin ruwa da gwiwar hannu, yana nufar liftar. Ta ɗauka gudu yake nema, ya rasa gabas. Sai da ya kai ya kama ƙafar wandon Kofur ya ja, ta ji muryarsa ta cikin oba-oba, siririya, tana kumfa.

"Ku bari. Ya isa. Za ku kashe shi."

Sai a lokacin ta ɗaga yatsanta, ya sandare har ba ya lanƙwasuwa. Ƙofar ta zo rufewa ta bugi ƙafar wani ta koma. Jiniyar 'yan sanda ta shigo ta bakin gareji.

Inna ta rayu, da ƙarfe a muƙamuƙi. Mai gas bai kai asibiti ba. An tafi da Dogo da mutum biyar. Mai Famfo ya kwana tara a gado da haƙarƙari huɗu a karye da yatsu uku, likita kuma ya ce kunnen dama ya tafi ke nan, na hagun ma sai an ɗaga murya.

Da 'yan sanda suka tambayi yadda liftar ta sauka, Kofur ya ce ai ginin ne, in ruwan gobara ya zuba yakan sauko da lifta da kansa ya buɗe ƙofa. Suka dubi Injiniya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, suka rubuta. Kafin mako ya zagayo maganar ta gama gari: gini ya kama ɓarawo da kansa. Mai ginin ya zo asibiti da kwandon 'ya'yan itace, ya tsaya a gefen gado yana ba da labarin da ƙarfi don tsohon ya ji. Minti goma sha ɗaya, in ji shi, daga danna maɓalli zuwa kama mutum, a nuna masa ginin da zai yi haka. Maganar katin kuwa ya yafe, a dai cire ƙusar. Ta ce ta riga ta cire.

Bayan ya tafi ɗakin ya rage su biyu. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargon. Ta ɓare lemo, tana cire zaren jikinsa ɗaya-ɗaya yadda yake so, ta zagaya ta zauna ta gefen hagu. Kumburin fuskarsa ya sace kaɗan, amma har yanzu akwai jan fenti a gefen farcensa da sabulun asibiti ya kasa fitarwa.

"'Yar mai gas ɗin fa?" ya ce. "Yana da wata 'yar da yake cewa za ta zama nas."

"Ban sani ba, Baba."

Ya mayar da ido kan rufi. Ta miƙa masa ɓarin lemo, bai gani ba, ko ya yi kamar bai gani ba.

"Sun ce ginin ne ya sauko da shi."

"Haka suka ce."

"Me?"

Ta matso da bakinta kusa da kunnen da ya rage, ta ɗaga murya. "Na ce haka suka ce."

"Sauko da shi, wannan na gane. Da ba a sauko da shi ba da yanzu kina karɓar gaisuwa." Ya numfasa a hankali saboda haƙarƙarin. "Amma ina kwance ina kallon ƙofar nan. Sau uku tana zuwa rufewa, sau uku tana komawa." Ya juyo da kai da ƙyar, ya dube ta da idon da ke buɗuwa. "Shekara ashirin da biyu ina cikin ginin nan, Uwata. Ban taɓa ganin ya yi wani abu da kansa ba."

Tun tana ƙarama yake kiranta da sunan nan, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ta buɗe baki. Tana da abin faɗa: kunnensa, sifanar, katin da shi ya rataye, bulon da shi ya tokare. Duk gaskiya ne, kuma ta san ba ɗaya da zai amsa abin da ya faɗa. Hawaye ya zubo mata, na baƙin ciki da na kunya a haɗe.

"Ni ce, Baba," ta ce.

A hankali ta faɗa, kuma ya riga ya mayar da kansa kan filo, kunnen hagun a danne, mataccen yana sama. Ba ta san ko ya ji ba. Ta zauna da ɓarin lemon a hannu tana jiran ya sake cewa me, bai ce ba.